Shekarar da Na Shayar da Alkama Ruwan Zartsi

Daga Gaidam zuwa Maine-Soroa ba titi ba ne, sawun mota ne kawai a cikin rairayi. An loda mu a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, a kan buhunan masara, kowa ya rungume sandar da aka kafa a gefe. Sau uku muna sauka muna turi. Ni da na tashi a fadamar Auyo, inda ƙafa take nutsewa cikin laka har idon sawu, ranar na fara ganin ƙasar da za ka yi tafiyar rabin yini ba ka ga ɗanyen ganye ba.

Sunana Sale. Noman alkama na gada wurin mahaifina, kuma ban iya wata sana'a ba. Ambaliya ta cinye mana damina biyu a jere, ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwan da muke noman rani da shi. Ana cikin haka wani ɗan kasuwar tattasai da yake zuwa Haɗeja ya ce mini akwai wani attajiri a Diffa, Alhaji Kyari, yana neman wanda ya san alkama. Lambar wayarsa kawai na riƙe na kamo hanya, na bar matata Hadiza da 'ya'ya huɗu.

A shingen shiga Maine aka sauke mu duka, kowa ya fito da katinsa. Jami'in ya daɗe yana juya nawa.

"Ɗan Najeriya. Me ya kawo ka?"

"Noma, ranka ya daɗe."

"Gonaki sun ƙare a ƙasarku?"

Sai na miƙa masa lambar Alhaji. Ya kira, suka yi magana da Barbarci, ya miƙo mini katina ya ce in hau. Tun a nan na gane cewa a yankin nan, inda tashin hankali ya sa kowa yake kallon baƙo da ido biyu, abu biyu ne suke tsare da ni: katin nan da sunan Alhaji Kyari.

Na isa Diffa da la'asar. Alhaji dogon mutum ne mai sanyin murya, yana ƙamshin turaren wuta, ba ya magana sai da murmushi. Ya sa aka kawo mini shinkafa da bandar kifi, ya zauna yana kallona ina ci kamar ɗan'uwansa ne ya zo daga tafiya. Muka yi magana: shi zai ba da iri da taki da ruwa, ni zan ba da ƙarfi da sani, idan an girbe kashi ɗaya cikin uku nawa ne. Da zan tashi ya ce, "Malam Sale, kawo katinka. Zan sa a kai ofis a yi maka takardar zama, kada a dame ka a hanya." Na ciro na ba shi, har da godiya.

Na zaci bakin kogi za a kai ni. Tun a gida nake jin labarin Komadugu da gonakin tattasan da suke gefensa. Sai na ga mota ta ba kogin baya, ta bi kwalta, muka wuce dogon layin bukkokin zana da tamfol na mutanen da rikici ya taso daga ƙauyukan bakin ruwa, sannan muka yanki daji ta arewa. Gonar tana nan, an kewaye ta da waya. Akwai rijiyar burtsatse, wadda su suke kira foraj, da allunan sola suna walƙiya, da tanki a sama, da ɗakin kwano guda inda zan zauna. An bi ƙasar da tarakta an juya ta sosai, har na yi mamakin zurfin huɗar. Wani abin da na lura da shi, amma ban tsaya a kansa ba, shi ne ko a gindin waya babu ciyawar kirki, alhali damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba.

Da direban ya tafi na kunna famfo, na tara hannu na kurɓa. Ruwan ya yi mini nauyi a harshe, da ɗanɗanon kanwa da wani ɗaci-ɗaci a ƙarshe. Na ɗauko sabulu na gwada, ya ƙi kumfa. Na kira Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan nan fa zartsi ne."

Ya yi dariya. "Ruwan Diffa duk haka yake, Malam Sale. Bakinka ne bai saba ba."

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, zuciyata ba ta kwanta ba. Amma na tuna turin motar nan a rairayi, na tuna Hadiza ta riga ta gaya wa makwabta mijinta ya samu babban aiki a Nijar. Na ce wa kaina alkama ai tana da juriya, ba kamar tumatir ko albasa ba. Washegari na ɗauki fartanya na fara fitar da fangali.

Abinci a bakin kwalta nake saye, wurin wata dattijuwa, Ya Falmata. Mutumiyar Baroua ce, can wajen Bosso. Ta ce a da suna da gonar tattasai da ruwan kogi yake shiga har tsakiyarta, mijinta kuma yana da kwalekwale. Bayan sun taso bai yi shekara ba ya rasu. Yanzu tana zaune da matar ɗanta da jikoki a bukka biyu, tana dafa burabusko da miyar kuka a ƙarƙashin wata rumfa. Hausarta tana da karin Barbarci, ba ta kuma taɓa kirana da sunana ba. Afuno take ce mini, wato Bahaushe.

"Afuno, yau ma kai kaɗai? Ba ka da kowa a garin nan?"

"Sai Allah, Ya Falmata, sai ke."

Sai ta ƙara mini miya ta ce in daina surutu.

Kewar gida ba a gona take kama ni ba, a masallacin Juma'a take kama ni. A gama salla kowa ya juya ya kama hannun nasa, ana ta gaisuwa da yaren da ba na ji, ni kuwa in nemi takalmina in fito. Idan na kira gida, ƙaramar 'yata takan karɓe wayar ta tambaye ni ko Diffa ta fi Kano nisa. In ce ta fi. Ta ce to gobe zan dawo?

Mako biyu da zuwana ruwan foraj ya kayar da ni. Gudawa da zazzaɓi suka haɗu, na kwanta a ɗakin kwanon nan kwana biyu ba wanda ya leƙo ni. Na kira Alhaji, ya ce yana Yamai, Allah ya sawwaƙe. A rana ta uku da hantsi na ji ana buga ƙofa. Ya Falmata ce, ta tako duk nisan nan da ƙafa don ta ga ban zo cin abinci ba. Ta kalle ni ta riƙe baki, ta koma ta samo mai amalanken jaki aka kai ni asibiti. Bayan an sallame ni ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a bayan rumfarta. Kwana tara tana ba ni kunu da romon kifi, da na yi maganar biya sai ta ɗaure fuska ta ce in na ƙara ba za ta sake zuba mini abinci ba. Tun daga nan kullum nakan ɗauki jarka in ɗebo ruwan sha a famfon sansaninsu.

Na yi shuka da shigowar sanyi. A gida kwana biyar zuwa shida za ka ga alkama ta huda ƙasa. Nan sai da ta kwana goma, ta fito kuma jefi-jefi, nan akwai can babu. Na bi gurabun na sake zuba iri. Duk da haka, da ta kai wata guda, in ka tsaya daga bakin waya sai ka ga gona kore shar, abin sha'awa a tsakiyar wannan farin daji. Masu wucewa da raƙuma har tsayawa suke yi suna kallo.

Sai ka shiga ciki ka tsuguna za ka ga gaskiya. Bakin ganye ya fara ƙonewa kamar an bi shi da wuta. Gindin da ya kamata ya yi 'ya'ya biyar ko shida, biyu ya yi ya tsaya. Da rana ta take sai ka ga shuka ta yi laushi ta sunkuya, alhali ƙasar a jiƙe take sharaf. A kan kunyoyi kuma, kwana biyu bayan ban-ruwa, wani farin abu yake fitowa kamar an barbaɗa gari. Na lakata na sa a harshe. Gishiri.

Ina cikin wannan damuwa wani malamin gona ya biyo ta wurin, yana zagayen duba garake, wato lambuna a bakinmu. Mushe Lawali sunansa (Mushe shi ne Malam a bakin 'yan bokon Nijar), mutumin Damagaram, gajere mai furfura. Ya leƙo ta kan waya ya ce, "Kai, wa ya ce ka shuka alkama a nan?"

Na ce, "Mai gonar."

Ya shigo, ya ciro wani ɗan abu kamar biro mai kauri daga aljihu, ya tara ruwan famfo a kofi ya tsoma. Ya duba, ya girgiza kai, ya zubar da ruwan can nesa da shuka.

"Shekara biyu da suka wuce na auna ruwan nan," in ji shi. "Tattasai aka sa a lokacin, ko fure bai kai ba ya mutu. Ni da bakina na gaya wa Alhaji foraj ɗin nan ba na noma ba ne. Ka ga huɗar nan mai zurfi? Farin da ya taru a sama aka binne."

Na ce, "To in na ƙara yawan ruwa fa? Na ga tana jin ƙishi."

"Ƙishi take ji, gaskiyarka. Saiwarta tana cikin ruwa amma ba ta iya sha, gishirin ya fi ƙarfinta. Kai kuma duk ruwan da ka zuba, rana za ta ɗauke ruwan ta bar maka gishirin. Yau kaɗan, gobe kaɗan, ba ya zuwa ko'ina. Kanwar da take ciki ta fi muni, ita ƙasar kanta take kashewa. Ba ka lura ruwa ya fara daɗewa a fangali bai shige ba?"

Na lura. Da farko kafin in kai ƙarshen layi na farkon ya tsotse. Yanzu sai ya wuni a kwance.

"To ƙasar ce take toshewa. Nan da shekara ɗaya ko biyu in ka sara da fartanya, ƙara za ta yi maka kamar daɓe. Alkama ta fi tattasai haƙuri, shi ya sa ka ga ta yi kore. Za ta riƙe koren nan mako biyu ko uku nan gaba, daga nan sai ka ga abin da za ka gani." Ya tsaya ya dube ni. "Wanda ya zaɓi alkama don wurin nan ya san abin da yake yi."

A ranar na kira Alhaji na ce lallai ya zo. Ya zo washegari, bai ko fito daga mota ba, ya sauke gilashi. Na gaya masa duk abin da malamin gona ya ce. Ya saurara har na gama, murmushin nan yana nan.

"Malam Sale, noma na ɗauko ka ka yi, ba wa'azi ba. Ranar Asabar ina da baƙi. Zan yanka gonar nan gida-gida in sayar wa bayin Allahn nan na bakin kwalta, su ma su samu wurin noma. Da sassafe ka ba ta ruwa, ka jiƙa kunyoyin nan sosai, kada in ga fari ko ɗaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai zalunci ne. A ba ni katina in koma gida."

Murmushin bai gushe ba, muryar ce ta ƙara sanyi. "Katinka yana ofis. Kai baƙo ne daga ƙetare, ba takarda a hannunka, kana zaune kai kaɗai a daji. Da ba don ina cewa na san ka ba, ka san irin tambayar da za a yi maka? Kuma in na ce ban san abin da kake yi a nan ba, ka san inda za ka kwana?" Ya ɗaga gilashi, mota ta juya.

Kwana uku ne tsakanin ranar da Asabar. A cikinsu ban je rumfar Ya Falmata ba ko sau ɗaya, garin kwaki na jiƙa na sha, don ba na son haɗa ido da kowa a sansanin. Da na je, da na ji abin da take shiryawa. Ranar Asabar da asuba na kunna famfo, na bi kunyoyi ɗaya bayan ɗaya da bokiti ina jiƙawa har farin ya ɓace. Ba wanda ya tsaya a kaina. Da hannuna na yi.

Da hantsi suka iso: Alhaji, da Bulaman sansanin, wato mai unguwarsu, da magidanta shida, da wani mai rubuta takarda. A bayansu sai ga Ya Falmata, ta yafa mayafinta na zuwa biki. Ashe tana da shanu biyu da suka rage daga dukiyar mijinta, wani Bafillace yana yi mata kiwonsu a wajen Foulatari. Ta aika an sayar da su a makon nan.

Alhaji ya nuna ni ya ce, "Ga gwanin da na ɗauko takanas daga Najeriya. Ku dubi aikin wata ɗaya." Mutane suka bazu cikin gona suna shafa ganye suna ma sha Allah. Su manoman kogi ne, tattasai da shinkafa suka sani, yawancinsu ba su taɓa tsayawa cikin alkama ba.

Ya Falmata ta je bakin famfo ta kurɓi ruwan, ta yamutsa fuska, ta nufo ni. Alhaji yana gefe, taku biyar ko shida, ya juya mana baya yana magana da Bulama. Ta rage murya.

"Afuno, ruwan nan da nauyi. Mu ruwan kogi muka sani, na ƙasa ba mu san halinsa ba. Kai ka sani. Ba ya kashe gona?"

Na kalli bayan rigar Alhaji. Na tuna shingen Maine. Na tuna 'yata da take tambaya ko gobe zan dawo. Na ji kaina ina cewa, "Ya Falmata, ga alkama dai kina gani."

Ta dubi gonar, ta dube ni, fuskarta ta saki. "To, alhamdu lillahi. Tunda kai ka faɗa."

Kafin azahar an gama. A inuwar tankin ruwa aka shimfiɗa tabarma, kowa ya dangwala yatsa, aka shafa fatiha. An sayar da ƙasar har da shukar da take kanta. Da yamma direban Alhaji ya dawo ya miƙo mini katina ta taga. Yadda na ba da shi haka ya dawo, ba wata takardar zama, ban ma yarda ya taɓa barin aljihun Alhaji ba. Na tambayi rabona na amfanin gona, ya ce Alhaji ya ce in yi magana da sababbin masu gona.

Ga kati a hannuna, ga hanya a buɗe. Na haɗa jakata har na kai bakin kwalta. Sai na hango hayaƙin rumfar Ya Falmata, ƙafata ta ƙi gaba.

Na same ta tana tuƙa tukunya. Na tsuguna na gaya mata komai: maganar malamin gona, tattasan da ya mutu, bokitin da na bi kunyoyi da shi. Ba ta daina tuƙi ba har na gama. Matar ɗanta ce ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Ita kuwa ta sauke tukunyar, ta rufe, ta goge hannunta da gefen zane, ta shige bukka.

Labari ya zaga sansanin kafin la'asar. Ɗaya daga cikin magidantan, wanda ya sayar da injin ban-ruwansa da ya tsira da shi daga ƙauye don ya sayi filin, ya same ni a bakin famfo ya kwaɗa mini mari har na ga wuta. Ban rama ba, ban ma kare fuskata ba. Aka ɗunguma wurin Bulama, daga nan aka kai ƙara cikin gari. Takarda ta ce an sayar da fili da foraj, ba ta ce komai a kan ɗanɗanon ruwa ba. Alhaji ya aiko da amsa cewa shi ɗan kasuwa ne, bai san noma ba, gwanin da ya ɗauko shi ya tabbatar wa mutane, kowa kuma ya ji da kunnensa. Mushe Lawali ya rubuta abin da ya sani ya kai. Aka ce za a duba. Har na bar ƙasar ana dubawa.

Haka na zama mai laifin da ake iya gani, tunda shi babban ba ya ganuwa. In na wuce mata su tofar da yawu. Da ba don Mushe Lawali ya tsaya gaban Bulama ya ce a bar ni in ƙarasa aikin ba, tunda ba wanda ya san alkama sai ni, da ban san yadda za ta ƙare ba.

Na koma ɗakin kwano, na ci gaba da kula da gonar duka, amma filin Ya Falmata na fi ba ƙarfi. Na tambayi Mushe Lawali ko akwai magani. Ya ce, "Maganinta ruwa mai daɗi, mai yawa, a wanke ƙasar gishirin ya nutse ƙasa ko ya bi lambatu ya fita. Ina za ka samo shi? Kogi yana can, kai kana nan. Ka daina sa takin zamani, ƙara mata zafi yake yi. Ka nemi kashin shanu da ƙaiƙayi, ko ƙasar za ta ɗan buɗe." Na riƙa zuwa kasuwar dabbobi ina kwasar kashi a buhu ina ɗaukowa a ka. Na haƙa rami a gangaren filin don ruwa ya samu mafita. Amma duk safiyar da na kunna famfo na san abin da nake zubawa. In ban ba ta ruwa ba ta mutu yau, in na ba ta kuma ina kashe ƙasar da take tsaye a kai. Ban taɓa yin aikin da na tsana kamar wannan ba.

Yadda malamin ya faɗa haka aka yi. Koren ya dushe ya koma ruwan toka. Alkamar da a gida take kai mini ƙugu, nan ko gwiwa ba ta kai ba ta fitar da kai, kan kuma bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. A tsakiyar wasu fangalin shuka ta ƙone ƙurmus, ƙasar ta yi baƙi-baƙi mai santsi kamar an zubar da mai. Zafi ya shigo da wuri ya ƙarasa abin da ya rage. Da muka yanke muka sussuka, ƙwayar ta fito a motse, siririya, iska tana kwashe rabinta tare da ƙaiƙayi. Filin da a Auyo zan cika buhu takwas ko fiye, abin da ya ba Ya Falmata bai cika buhu ɗaya da rabi ba. Ban karɓi ko tiya ba, ba wanda kuma ya yi mini tayi.

Bayan girbi na koma na tsaya a filin. Ya yi fari fat, ya tsattsage, ɓawon gishiri yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Na ɗaga fartanya na sara, ta yi tsalle ta dawo.

A duk watannin nan Ya Falmata ba ta hana a sayar mini da abinci ba, amma matar ɗanta take zubawa. In na gaishe ta takan amsa, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai. Sai wata safiya na ji an ce wasu iyalai za su koma Baroua, har da ita. Kowa ya san can ɗin bai gama lafawa ba, wasu da suka koma a baya sun sake gudowa. Amma ta ce a nan ba ta da saniya, ba ta da gona, can kuwa ko ba komai akwai kogi.

Na je bakin kwalta na tarar ana loda kaya a babbar mota: tukwane, tabarmi, tamfol ɗin da aka kwance, da buhun alkamar nan guda. Tana zaune a kan ƙullin kayanta tana jiran a kira su. Na durƙusa a gabanta.

"Ya Falmata, don Allah ki yafe mini."

Ta amsa tana kallon titi.

"Afuno, ban ce ka yi faɗa da Alhaji ba. Kai baƙo ne, ni ma baƙuwa ce, na san tsoro, na fi ka saninsa. Amma ranar nan ya juya mana baya. Ba ya ganinka. Ko magana ba sai ka yi ba. Da ka girgiza mini kai kawai."

Ban iya ɗaga ido ba.

"Yafiya kuma," ta ce, "ka bari sai zuciyata ta sauka. In na ce maka yanzu na yafe, ƙarya na yi, ni kuma ba na so in yi maka ƙarya."

Aka kira su. Matar ɗanta ta kama hannunta ta taimaka mata ta hau. Motar ta tashi ta yi gabas.

Bayan kwana biyu Mushe Lawali ya sa ni a motar wani abokinsa mai zuwa Maine, daga nan na sake bin rairayin na koma gida hannu wofi. Hadiza ta ga yadda na rame ba ta tambaye ni komai ba, sai da na yi wata guda na iya ba ta labari.

Damina biyu ke nan da dawowata. Lambar matar ɗan Ya Falmata da na karɓa ta daina shiga tun a watan farko. Duk ɗan kasuwar tattasai ko na kifi da ya zo Haɗeja daga wajen Diffa sai na tare shi na tambaye shi mutanen Baroua, ko ya san wata dattijuwa mai suna Falmata, mai sayar da abinci. Sukan ce Falmata ai da yawa a can, wacce daga ciki? Har yau ban samu wanda ya san ko tana raye ba, balle in ji ko zuciyarta ta sauka.